KIWON DOKI A GIDA DA FITA KILISA: ABIN DA MUKA KOYA A KAHU

GABATARWA

Duk lokacin da aka dawo daga dogon hutu, akan ji ɗalibai suna ba juna labarin abin da suka yi a gida. Wannan ya ce ya je birni, wancan ya ce ya taya iyayensa girbi. Mu kuwa da muka fito daga Kahu, cikin Ƙaramar Hukumar Kibiya, in muka ce a gindin turke muka yi namu hutun, sai a kwashe da dariya, a ce, "Ashe 'ya'yan sarki ne ku?" To, mu dai ba 'ya'yan sarki ba ne. Iyayenmu manoma ne, amma tun da muka buɗe ido muka ga doki a gidanmu. Shi ya sa da aka nemi mu rubuta wani abu cikin wannan littafi na shekara, muka ga ya dace mu bayyana wa 'yan'uwanmu ɗalibai, da malamanmu, da iyayenmu na ikkilisiya yadda ake riƙon doki a gidan talaka, da yadda iyali ke fita kilisa tare, da kuma hasarar da sakaci ke jawowa.

DOKI A TARIHIN ƘASARMU

Rano tana cikin Hausa Bakwai, saboda haka hawan doki ba baƙon abu ba ne a wannan yanki. Littafin Tarihin Kano ya nuna cewa a zamanin Sarki Kananeji, wajen 1390 zuwa 1410, aka fara amfani da lifidi da sulke da kwalkwali a Kano. Zamanin Muhammadu Rumfa kuwa, 1463 zuwa 1499, shi ne ake dangantawa da bunƙasar hawan salla. Ko sunayen sarautu kaɗai sun isa shaida: akwai Madaki, da Sarkin Dawaki, da Shamaki mai kula da bargar sarki. Haka nan sunayen garuruwa irin su Dawakin Kudu da Dawakin Tofa.

A ƙarni na 19 kudancin Kano bakin daga ne, domin Ningawa sukan kawo hari ta wannan sashe. A wancan lokaci doki shi ne tsaro, shi ne kuma ɗan aike. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, sai yaƙi ya ƙare, doki ya koma abin hawan hakimai da dagatai da fatake, da kuma ado ranar biki. An yi gagarumin hawan daba a Kaduna a 1956 don zuwan Sarauniyar Ingila, aka sake yin wani a 1977 lokacin bikin FESTAC. A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan daba na Kano cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana. A nan gida kuma, an ɗaga Rano ta zama masarauta a 2019, sa'an nan a 2024 aka mai da ita masarauta mai daraja ta biyu wadda ta ƙunshi Rano da Kibiya da Bunkure.

Amma fa duk dokin da aka gani ya sha ado ranar hawa, akwai wani gida da ya yi shekara yana yankan ciyawa dominsa. Labarin wannan gida shi ne za mu ba ku.

ZAƁEN DOKI

Namijin doki ƙosasshe shi ne ingarma, mace ita ce goɗiya, ƙaraminsu kuwa duƙushi. Sarakai ingarma suke hawa. Manomi kuwa goɗiya ta fi masa, don ta fi sanyin hali, yara za su iya hawanta, ga shi kuma tana haihuwa. Cikin goɗiya wata 11 ne, ko da ɗan ɗoriya, kuma ɗa ɗaya take haifa.

Akan kira doki da launinsa. Fari shi ne kili, baƙi akawal, mai roɗi-roɗin fari danda. Amma Babanmu yakan ce, "Launi na 'yan kallo ne, ƙafa ita ce ta mai doki." In za ka saya, ko a ƙauye ko a manyan kasuwannin dabbobi na kan iyaka irin su Maigatari da Mai'adua, sai ka tafi da wanda ya san doki. A duba kofato ko ya tsage. A shafa bayansa ko akwai tsohon miki. A ja shi ya yi tafiya, ya yi sassarfa, a ga ko yana ɗingishi. A kuma buɗe bakinsa, domin haƙora su ke faɗin shekaru: doki yakan gama fid da haƙoran nono wajen shekara 5. In ya sami kulawa yana iya kai shekara 25, har ma fiye. Kada ka sayi doki da sirdi a bayansa. Sirdi yana rufe aibi. Ka kuma tuna cewa dokin mai baki ya fi gudu, saboda haka kada zaƙin bakin dillali ya ɗauke ka.

BARGA DA TURKE

Bargarmu rumfa ce ta kara, a gefen gida inda ruwa ba ya kwanciya. Abu uku ake bukata: inuwa, da iska, da busasshiyar ƙasa. Turke kuwa a kafa shi sosai, a kankare kansa don kada ya yanki dabba. Kowace safiya a share kashi da jiƙaƙƙiyar ƙasa, a zuba sabon yashi. Dokin da ke tsayuwa cikin fitsarinsa kofatonsa yakan ruɓe ya yi wari. Kashin kuma ba a zubar da shi. Muna tara shi a juji, da bazara a kai gona, kuma duk wanda ya ga dawar da ke bayan gidanmu ya san inda takin ya fito.

Doki dabba ce mai son yawo. In an ɗaure shi dare da rana a turke ɗaya, sai ya koyi cizo da harbi da cin itace. Don haka bayan an kwashe amfanin gona mukan kai goɗiyarmu fili mu yi mata talala, wato doguwar igiya, ko a sa mata dabaibayi ta yi kiwo. Igiyar dabaibayi ta zama mai laushi, kada a yi da igiyar roba mai cin fata.

CI DA SHA

A nan ne yawancin masu doki ke yin kuskure. Tumbin doki ƙarami ne in an gwada da girman jikinsa, kuma doki ba ya iya amai. Abin da ya shiga ya shiga ke nan. Saboda haka kaɗan-kaɗan ake ba shi, sau da yawa a yini.

Ainihin abincinsa ciyawa ce da harawa. Masana sun ce a yini doki yana bukatar busasshen abinci kamar kashi 2 cikin 100 na nauyinsa. Ke nan doki mai kilo 300 zai ci wajen kilo 6. Da damina muna yanko ɗanyar ciyawa safe da yamma. Da kaka muna ɗaure harawar wake da ta gyaɗa, mu ɗora bisa rumfa ko cikin rassan itace inda awaki da gara ba za su kai ba. Wanda bai tara harawa a watan Oktoba da Nuwamba ba, zai saye ta da tsada a watan Afrilu.

Hatsi, wato gero ko dawa, da dusa, ƙari ne kawai don dokin da ke aiki, ko goɗiya mai shayarwa. A raba shi kashi biyu ko uku, a kuma zuba cikin daro, kada a zuba a ƙasa, don yashin da yake haɗiya yana taruwa a hanji. Akan sa 'yar kanwa ko gishiri. Ruwa kuwa, doki yakan sha lita 25 zuwa 40 a yini, da bazara ma ya fi haka, kuma ba ya son ruwa mai ƙazanta.

Abubuwa huɗu ne muke tsoro ƙwarai. Na ɗaya, hatsi ko harawa da suka yi fumfuna. Na biyu, gyauron dawa da ƙaramar dawa da fari ya kama, domin akwai guba a cikinsu. Na uku, leda, wadda yanzu ta cika kowane juji, tana kuma toshe hanji. Na huɗu, sauya abinci farat ɗaya, kamar a ɗauke shi daga busasshiyar harawa a sake shi cikin sabuwar ciyawar farkon damina.

RABON AIKI A GIDA

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, haka kuma mutum ɗaya ba ya riƙon doki. A gidanmu kowa da nasa aikin. Da asuba Baba ne ke fara leƙa barga. Ba ya cewa kome, sai ya tsaya ya duba: ta cinye abincin dare? Kashinta daidai yake? Tana tsaye bisa ƙafa huɗu? Yaya shi ke yankan ciyawa da lauje. Mu na tsakiya mu ke shara da ɗebo ruwa. Inna ita ke ajiye dusa in an yi surfe, ita ce kuma mai riƙon mudun hatsi. Ƙannenmu mata su ke taje geza da wutsiya, suna cire ƙaya da ƙarangiya.

Kowace rana akan goge jikin doki da buroshi ko soso, a ɗaga kofato ɗaya-ɗaya a cire tsakuwa. Dawakinmu ba a cika sa musu takalmin ƙarfe ba, amma akan yanke kofato bayan kamar mako 6 zuwa 8, in ƙasa ba ta cinye shi da kanta ba. Wannan gugar jiki ita ce ke sa a ga kaska ko ƙurji tun da wuri, ita ce kuma ke sa doki ya saba da hannun mutanen gida.

Ga wata doka da ko ɗan yaye a gidanmu ya sani. Idanun doki a gefen kansa suke, yana ganin kusan ko'ina, amma ba ya ganin abin da ke daidai bayansa. Kada ka zo masa ta baya shiru. Ka yi magana, ka zo ta wajen kafaɗa, ka ɗora masa hannu.

KAYAN DOKI

Ragama ita ce ta jan doki a ƙasa. Linzami shi ne ƙarfen baki, kamazuru kuwa igiyar da mahayi ke riƙewa. Akan shimfiɗa zubuka a baya kafin a ɗora sirdi, a ɗaure da majayi, a rataya likkafa. Jalala da sauran kayan ado na ranar biki ne. Maƙeri ke ƙera linzami da likkafa, baduku kuwa shi ke aikin fata.

Linzaminmu na gargajiya yana da kaifi, an yi shi ne don zamiya a fagen yaƙi da gaban sarki. A hannun yaro yana iya yanka harshen doki. Don haka mu da ragama muka fara koyo, sai da hannunmu ya yi laushi aka ba mu linzami. Ƙaimi kuwa Baba ya rataye shi a ɗaki, ya ce ba na ɗan koyo ba ne. Sirdin da bai zauna daidai ba shi ke kawo miki, kuma mikin kwana ɗaya yana iya hana hawa wata guda. Masana suna ba da shawara kada nauyin mahayi da sirdi ya wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin doki.

FITA KILISA

Kilisa ita ce fita da doki don motsa jini da shan iska. Lokacin da ya fi daɗi a wajenmu shi ne daga kaka zuwa ƙarshen sanyi, sa'ad da gonaki suka zama fili. Mukan fita da sassafe ko bayan la'asar, musamman ranar Asabar. Baba a gaba, ƙarami a kan goɗiya tare da mai ja masa, sauran kuwa a ƙasa, ana karɓa-karɓa. Mukan bi burtali da hanyoyin ƙafa, mu ratsa ƙarƙashin ɗorawa da kuka da tsamiya, mu zaga gindin duwatsun da ƙasar Rano ta yi suna da su, mu sauka fadama dawaki su sha ruwa. Doki mai tafiyar hankali yakan ci kamar kilomita 6 cikin sa'a ɗaya, saboda haka fitar sa'a biyu ta isa a ga ƙasa.

Daga bisa doki mutum yana ganin abin da mai babur ba ya gani. A nan Baba ya nuna mana iyakar gonakin kakanninmu, da kufan da aka tashi, da sunayen itatuwa da amfaninsu. Abin da muka karanta a aji game da zaizayar ƙasa, a bakin kwazazzabo muka gan shi da idonmu.

Kilisa tana da ladubbanta:

1. A fara da tafiya, a ƙare da tafiya. Ba a sukuwa daga ƙofar gida, ba a kuma shigowa gari a guje.
2. Bayan an ɗan taɓa tafiya a sake duba majayi, don yakan saki.
3. A bar tazarar tsawon doki ɗaya tsakanin na gaba da na baya, saboda harbi.
4. Ba a sukuwa a kan dutse, ko kwalta, ko inda akwai ramukan gafiya.
5. Ba a ratsa gonar mutum, ko da an yi girbi, in akwai harawa ko rogo a ciki. Ɓarnar doki tana raba zumunci.
6. In an haɗu da garken shanu, ko mata ɗauke da kaya, ko yara, a rage tafiya a ba su hanya.
7. In an iske dattijo a tsaya a gaishe shi. Yaro kuwa sauka yake yi. Hawa doki ba ya mai da yaro babba.
8. Yaro ya sa takalmi mai dunduniya don kada ƙafarsa ta zarce cikin likkafa, in da hali kuma ya sa hular kwano.

In an dawo, a sassauta majayi, a zaga da shi har numfashinsa ya daidaita, a sauke sirdi, a shafa baya, a ba shi ruwa. Hatsi sai ya huce sarai. Mahayi ba ya cin tuwo sai dokinsa ya ci.

CUTUTTUKA DA RANAR DA MUKA YI HASARA

Zafin jikin lafiyayyen doki yana tsakanin digiri 37.5 da 38.5, bugun zuciyarsa kuwa kamar 28 zuwa 44 a minti ɗaya in yana hutawa. Da damina akwai wata muguwar cuta ta dawaki wadda wasu ƙananan ƙwari masu cizo da magariba da asuba ke yaɗawa. Alamunta zazzaɓi, da kumburi bisa ido, da kumfa a hanci, kuma tana kisa da sauri. Hayaƙin da kakanninmu ke turawa a barga da yamma don korar irin waɗannan ƙwari ne. Ƙudan tsando ma yana sa cuta mai rama doki, shi ya sa tun dā dawaki ba sa daɗewa a kurmi. Ƙusa ko ƙaya a kofato tana kawo ciwon da ke sandarar da jiki, wanda ake yi wa allurar rigakafi. Sai kuma tsutsar ciki da kaska. Duk waɗannan a nemi malamin dabbobi tun da wuri, don rigakafi ya fi magani.

Amma abin da ya ci mana doki ba ɗaya daga cikin waɗannan ba ne. Muna da wani danda, ɗan goɗiyarmu na fari, wanda Baba ya yi shekara huɗu yana reno. Wata rana da kaka aka shigo da gero, aka sussuka, aka zuba a buhu. Aka ce mu ɗaure bakin buhun mu kai ɗaki. Mu kuwa hankalinmu yana wajen wasan farin wata, kowa ya ɗauka ɗan'uwansa ya yi. Cikin dare danda ya kwance, ya sami buhu a buɗe, ya ci iyakar cinsa.

Da gari ya waye muka iske shi yana gumi, yana tonon ƙasa da ƙafa, yana waiwayen cikinsa, ya kwanta ya tashi. Nan ma muka ƙara wani kuskuren: tsoron faɗa ya sa muka share geron da ya zube, muka yi shiru. Sai da rana ta take, Yaya ya matsa mana, sa'an nan muka faɗi gaskiya. Kafin a ɗauko malamin dabbobi a kan babur, aikin gama ya gama. Malamin ya ce da an kira shi tun da safe, aka kuma gaya masa abin da dokin ya ci, da akwai abin da zai gwada.

Mun zaci Baba zai ɗauko bulala. Sai ya zauna a gindin turke, ya kira mu, muka durƙusa. Ya ce, "Buhun da kuka bari a buɗe, mantuwa ce, kowa yana yi. Shirun da kuka yi, shi ne ya kashe shi." Inna ta ce, "Malam, a yi musu haƙuri, yara ne." Ya ce, "Na yi. Amma su sani, kuɗin makarantarsu na baɗi ne ke kwance a nan."

Gaskiya ya faɗa. Niyyarsa ita ce ya sayar da danda gab da salla, lokacin da dawaki ke daraja. A wannan shekara sai da aka sayar da rabin gyaɗar iri da tumaki biyu na Inna kafin mu dawo makaranta. Duƙushin da goɗiyar ta haifa daga baya kuwa, shi ne ya biya mana kuɗin jarrabawa.

KAMMALAWA

Yau babur ya karɓe aikin doki a ƙauyukanmu. Burtali yana ƙanƙancewa, harawa ta zama kayan kasuwa, tsofaffin da suka san kofato da haƙori kuma suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Ba za mu ce kowa ya je ya sayi doki ba. Wanda ba shi da gonar da za ta ba shi harawa, da ruwa kusa, da mutanen gida masu taimako, gara ya haƙura, don linzami ya fi ƙarfin bakin kaza. Doki da yunwa abin tausayi ne, alhakinsa kuma yana wuyan mai shi.

Amma muna roƙon 'yan'uwanmu ɗalibai, in akwai mai doki a garinku, ku je ku gaishe shi a wannan hutu, ku taya shi yankan ciyawa, ku tambaye shi, ku rubuta abin da ya faɗa. Masu sha'awar kimiyya kuma su tuna ƙasarmu tana bukatar likitocin dabbobi. Akwai cibiyar binciken cututtukan dabbobi a Vom tun 1924, akwai kuma sashen koyon wannan aiki a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Ga iyayenmu kuwa, muna godiya da kuka ba mu amanar rai tun muna ƙanana. A gindin turke muka koyi tashin asuba, da cika aiki, da faɗin gaskiya tun kafin lokaci ya ƙure. Allah ya ba mu ikon riƙon amanar abin da ya sa a hannunmu. Amin.